Ɗaya Ƙasa, Saura Sama

'Yardada tana durƙushe a gaban murhu tana dama kunun kanwa sai wayarta ta yi ƙara. Gwaggo Uwa ce, yayar mijinta, wadda ta baro a asibiti wajen mai jego. Ko sallama ba ta tsaya yi ba.

"Ki taho yanzun nan. Jini ya ɓalle wa Kausar, ya ƙi tsayawa. Ledar jini ɗaya gare su irin nata, sun ɗaura mata, ta kusa ƙarewa. Likita ta ce in kin wuce rabin awa, to sai dai addu'a."

Ludayin ya faɗa cikin tukunya, ba ta bi ta kansa ba.

Kausar ita ce 'yarta ta fari. Su kuwa dangin 'Yardada, ko da yake tun zamanin kakanni aka sayar da saniyar ƙarshe aka zauna cikin ganuwa, kunyar ɗan fari tana nan ba a sayar da ita ba. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kama sunan yarinyar da bakinta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Da aka je awon ciki aka ce jinin Kausar irin mai wuyar samu ne. Aka gwada dangi kaf, na uwar kaɗai ya zo daidai, nas ta ja mata kunne ta ce ranar haihuwa kada ta yi nisa. Ta kuwa je, ta rakuɓe a bakin ƙofa tun sassafe. Da hantsi aka haifi 'ya mace lafiya lau, mata suka hau guɗa suna tsokanarta da kaka, sai kunya ta rufe ta. Ta sulale ta taho gida wai za ta dama kunu, ko fuskar jaririyar ba ta leƙa ba. Yanzu ga ta a Soron Ɗinki, jinin da ake nema yana jikinta, asibitin kuma yana can bayan Ƙofar Kabuga. Tun da take ba ta taɓa jin haushin kanta irin na wannan lokacin ba.

Mijinta Malam Isyaku fitowarsa daga wanka ke nan, ya zura farar rigarsa ta Juma'a yana fama da maɓallin hannu. Ta sha gabansa, ta tsaya inda zai ga bakinta sosai, sannan ta gaya masa. Shekara takwas ke nan haka take yi masa magana, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa zancen dalili ba.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A da can Isyaku ɗan acaɓa ne na gani na faɗa. Yana zaune a zaure zai gaya maka wane ne ya wuce a lungu, ya kuma ƙara da cewa filoginsa ya yi datti. Duk wanda ya zo koyon mashin wajensa, karatu ɗaya yake ba shi: "Kunne shi ne giya. Inji da kansa zai gaya maka ya ƙoshi da wannan, ka ba shi ta gaba." Da aka hana acaɓa ya sayar da mashin ɗin ya kama injin niƙa. Injin nan ya niƙe dawar mutane, ya haɗa har da kunnuwan mai shi. Isyaku kuwa da ya amsa cewa ba ya ji, gara a ce masa ya tsallake rijiya da baya. Kome ka faɗa masa, in bai ga bakinka ba, amsarka ɗaya ce: "To, to, madalla." An taɓa sanar da shi rasuwar liman ya ce madalla. 'Yardada ce ta zama mai rufa asiri, ita take amsa masa waya, tana ce wa mutane lasifikar ce ta lalace.

Suka fito bakin titi a guje. Ƙarfe biyu saura, ranar Juma'a, a tsakiyar birni! An riga an shimfiɗa dardumai har rabin kwalta. 'Yan adaidaita sun jere motocinsu a gefe sun shiga sahu. Guda ɗaya da ya ɓullo a cike yake dam, ko kallonsu bai yi ba. Minti biyar suka tafi a banza, 'Yardada tana ɗaga hannu tana saukewa.

"Mashin ɗin Nazeer," in ji Isyaku, ya juya da sauri.

Nazeer maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya. Wata guda ke nan da ya sayi wani baƙin mashin sabo fil, yana ji da shi kamar ƙwai, ko masallaci ba ya zuwa da shi don kada a goge masa fenti. Matarsa Sa'adiyya tana jin abin da ya faru ta miƙo mukulli ba ta ko yi shawara ba. Sai dai da yake babu mayafi a jikinta, daga bayan labule ta yi magana.

"Baba, ya ce giyarsa ba irin ta mashinan da ba ce. Ɗaya ce ƙasa, saura duk sama ake ɗagawa."

"To, to, madalla," in ji Isyaku, yana turo mashin daga soro.

'Yardada ta ji maganar sarai. Amma hankalinta yana Kabuga, kuma ta saba da madallar nan har ta daina lura da ita. Ta tattare hijabinta ta haye baya.

A cikin lungu ba a ga matsala ba, don dama lungun birni ba ya son fiye da giya ɗaya. Sai da suka zagaye masallata suka hau kwalta wajen Mandawari, hanya ta buɗe, Isyaku ya matse kuloci ya danna giya ƙasa, yadda ƙafarsa ta saba a tsohon mashinsa mai giya huɗu duk a ƙasa. Ya sake dannawa, ya kuma sake. A lissafinsa ya kai ta huɗu. An ce sabo turken wawa: duk dannawar nan suna nan a ta ɗaya, don babu wata a ƙarƙashinta. Ya murɗa totur har ƙarshe.

Injin ya kwarma wani irin ihu da 'Yardada ta ji shi har cikin haƙoranta. Ihun ya yi sama, ya yi sama, ya tsinke, sai mashin ya fara fizga: ya ɗauke wuta ya kawo, ya ɗauke ya kawo, goshinta yana bugun bayan mijinta. Gudun kuwa bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan adaidaita maƙare da buhunan gawayi ya zo ya wuce su.

Abin mamaki, ita ta san wannan fizgar. Tun da aka sayi mashin ɗin Sa'adiyya take leƙo ta katanga tana ƙorafin cewa Nazeer ya ishe ta da lacca. Wai inji yana da iyakar juyin da zai iya yi. Wai a gaban mashin akwai agogo mai jan layi, in allurar ta kai jan nan sai mashin ya riƙa yanke wa kansa wuta don kada injin ya tarwatse. "Wai ba lalacewa ba ce, Yaya, roƙonka yake ka ƙara masa giya. Wallahi har na haddace, ko jarrabawa aka ba ni sai na ci." A lokacin dariya 'Yardada ta yi ta ci gaba da tankaɗe.

"Baba, sa giya mana!" wani mai sayar da rake ya ƙwala daga gefen titi. "Za ka fasa inji!"

Isyaku ya ɗaga masa hannu, a zatonsa gaisuwa ce.

Ta kai bakinta kunnensa ta yi ihu, "Sama! Sama ake ɗagawa!" Iska da ƙarar inji suka cinye maganar. Ya gyaɗa kai, ya sake danna giya ƙasa, ya sake murɗawa, mashin ya sake fizga. A farkon Sabon Titi ya gangara gefe ya tsaya.

Ya buɗe tanki ya girgiza, mai har wuya. Ya tsuguna ya kama hular filogi, ta ƙona masa yatsu, ya yarfe hannu. Gumi ya jiƙa farar rigar. "Mai ne ba ya sauka," yake faɗa, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ko filogi ne. Mashinan zamani, kwalliya ce kawai! Ina zan samu sifana yanzu, kowa ya tafi masallaci?" Ya miƙe yana dube-dube, ya nufi wata rumfar mai faci da aka rufe da buhu.

Wayar ta sake ƙara.

"Kuna ina ne wai?" in ji Gwaggo Uwa. "Ledar ta ƙare. Ina kiranta ba ta amsawa, hannunta ya yi sanyi. 'Yardada, don Allah."

Ta dubi lokaci. Minti goma sha bakwai sun tafi, ko rabin hanya ba su yi ba. Tsoro ya kama ta. Ta dubi mijinta yana ɗaga buhun mutane yana neman sifana da zai kwance lafiyayyen mashin. Shekara takwas tana tare masa wannan magana kada ta taɓa shi, daga bakin yara, daga bakin baƙi, daga bakinta ita kanta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta bi shi ta damƙi hannun rigarsa ta juyo da shi. Masu saurin zuwa masallaci da darduma a kafaɗa suka rage tafiya suna kallo. Ta buɗe baki sosai, tana fitar da kalma ɗaya-ɗaya.

"Malam, mashin lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka ji."

Ya ƙura mata ido. "Me kika ce?"

Ta san ya gane. "Ba ka ji! Kunnenka ya mutu, shekara takwas ke nan. Tun daga gida a giya ɗaya muke. Yana ta ihu, duk titin nan sun ji, kai kaɗai ne ba ka ji ba."

Fuskarsa ta canja, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya fizge hannunsa. "Ni za ki koya wa mashin? Ni? A tsakiyar titi, gaban jama'a?"

"Kausar za ta mutu, Malam." Hawaye suka ɓalle mata. "Kausar. Kausar ɗina."

Bai ji sunan ba, amma ya gan shi a leɓenta, abin da bai taɓa gani ba tun ranar da aka raɗa shi. Hannun da ya ɗaga ya sauka a hankali.

Ta ja shi zuwa wajen mashin, ta durƙusa a kan kwalta mai zafi, ta sa hannu a ƙarƙashin ƙarfen giyar ta nuna masa ɗagawa. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna ƙasa, ta buɗe sauran ta nuna sama. Sannan ta miƙe ta ɗora yatsa a kan agogon, daidai jan layin. Isyaku ya dubi agogon, ya dubi titi, ya girgiza kai.

"In na kalli wannan, wa zai kallar mana hanya?" in ji shi. "Mashin ɗin nan ko girgiza ba ya yi in ji a jikina. Ban iya tuƙi da ido ba, 'Yardada. Da kunne na iya."

"To ga nawa," ta ce, ta kama kunnenta ta nuna masa. Ta bugi kafaɗarsa ta dama. "Sama." Ta bugi ta hagu. "Ƙasa."

Bai ce madalla ba. Ya ɗaga ƙafa ya hau.

Shekara goma sha huɗu ta yi a bayan mutumin nan, zuwa biki, zuwa suna, zuwa dubiya, ba ta taɓa tunanin tana koyon wani abu ba. Ashe karatun ya shiga. Akwai wani wuri da muryar inji take sirancewa kafin ta zama ihu, a nan ƙafarsa takan motsa a da. Ta rufe ido ta kasa kunne. Karon farko tsoro ya sa ta makara, mashin ya fizga sau ɗaya, ta kai masa duka a dama. Ya matse kuloci ya ɗaga. Muryar injin ta faɗo ta yi kauri, mashin ya zabura gaba har sai da ta riƙe rigarsa. Ta jira. Muryar ta sake hawa, ta sirance. Dama. Ta sake hawa. Dama. Iska ta cika mata hijabi, shagunan Sabon Titi suka fara wucewa da gudu.

Daga nan ta ga mijinta na da ya dawo. Kafaɗunsa suka saki, yana ratsa tsakanin motoci yana kwantar da mashin, ko ramin da ya sani tun shekara goma bai manta ba. Idonsa da hannunsa suna nan yadda suke. Abu ɗaya ya rasa, shi kuwa yana zaune a bayansa.

A shataletalen Tal'udu ita ce ta yi kuskure. Ya taka birki saboda cunkoso, ita kuwa hankalinta yana kan ƙarin gudu, ta manta ana saukowa. Da ya sake murɗawa sai injin ya fara tari, yana ƙwanƙwasa yana karkarwa kamar zai mutu a tsakiyar motoci. Wata tifa ta danno musu oda a baya. "Innalillahi!" Ta dake shi a hagu, ta sake dukansa. Ya danna sau biyu, injin ya washe murya, suka fice ta gaban hancin tifar. Ashe yadda inji ba ya son a matsa masa a ƙaramar giya, haka ba ya son a ɗora masa babba alhali ba shi da gudu.

Gaba kaɗan suka tarar an tayar da salla a wani masallaci, sahu ya tsallaka titi ya rufe hanya ruf. Motoci sun tsaya an kashe su. Zuciyar 'Yardada ta yanke, ta ce shi ke nan. Isyaku ko tsayawa bai yi ba, ya karya kai cikin wani lungu da ita ba ta ma ga bakinsa ba. Hagu, hagu. Suka bi ta kan wani katako da aka gitta a kwata, suka kori tumaki, gwiwarta ta gogi katanga ba ta ji zafi ba. Ta wani tsakanin gidaje ta hango Goron Dutse can ta hannun dama, sai kuma ya ɓace. Lungun ya yi kwana biyu ya tofo su a kan kwalta, ga Ƙofar Kabuga a gabansu, hanya fayau.

Dama. Dama. Dama. Suka kai ta huɗu, muryar injin ta ci gaba da hawa, ta fara sirancewa. Ta sake bugun dama. Isyaku bai motsa ba, don a saninsa giya huɗu ce iyaka, bayanta babu kome. Allurar tana gab da ja. Ta dunƙule hannu ta narka masa duka da iyakar ƙarfinta. Ya yi jim, sannan ya yarda da ita ya ɗaga. Akwai ta biyar. Mashin ya miƙe, ƙarar ta kwanta, bakinta yana ta "Ya Hayyu ya Ƙayyumu" har suka ga allon asibitin.

Kafin ya gama tsayawa ta dira. Takalminta ɗaya ya zauna a bakin ƙofa. Gwaggo Uwa ta tare ta a baranda, nas ta kama hannunta suka shige da gudu. Ɗan gwajin da aka ce dole ne sai an yi, ji ta yi kamar shekara. Da aka soka allura ta ga jinin yana bin roba yana sauka cikin leda, ta ce, "Ku ɗebi biyu. Ku ɗebi uku, wallahi na yafe." Nas ta ce ɗaya doka ta yarda, ta cire ta fita da ita a guje da ɗuminta.

Aka ba ta lemo aka ce ta kwanta, ta ƙi. Ta lallaɓo tana dafa bango ta fito baranda. Isyaku yana zaune a kan benci, farar rigar ta yi baƙi da mai, takalminta ɗaya yana hannunsa. Ta zauna kusa da shi. Aka yi kiran la'asar a masallacin maƙwabta, ita ta ji, shi yana kallon ƙofar ɗakin tiyata.

Can ƙofar ta buɗe. Likitar ta fito, takunkumi a fuskarta, ta nufo su. Suka miƙe tare. Ta dubi Isyaku, da yake shi ne uba, ta yi magana ta cikin takunkumin.

"Baba, alhamdu lillahi, jinin ya tsaya. Ta buɗe ido. Saura ƙiris, amma Allah Ya yi da sauran kwana."

Isyaku yana kallon ƙyallen da ya rufe mata baki. Babu leɓen da zai karanta. 'Yardada ta ga bakinsa ya fara shirin faɗin abin da ya saba, sai ya haɗiye. Baranda cike take da mutane, har da yayarsa.

"Likita, ki yi haƙuri," ya ce, muryarsa ta cika wurin. "Ni ba na ji. Kunnena ya mutu." Ya juyo wajen matarsa, idonsa ya yi ja. "'Yardada, me ta ce? Gaya mini ko mene ne."

Ta tsaya inda zai ga bakinta, ta buɗe shi, amma kuka ya ci ƙarfinta, leɓɓan sai karkarwa suke, ba su haɗa kalma ko ɗaya ba. Ta ga tsoro yana hawa fuskarsa, ya fara salati. Sai ta ɗaga hannun da aka ɗaure da auduga, ta buga masa kafaɗar dama.

Isyaku ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ta karɓi takalminta daga hannunsa ta saka, sannan ta juya wajen likita.

"Ina Kausar take? Ina so in ga 'yata."